Me Ya Ɗauke Yaron? Lacca Kan Ajiye Sassan Jiki Domin Bincike

 

An nemi in yi magana kan bankunan da ke ajiye sassan jiki domin bincike, musamman na jarirai da na yaran da aka haifa da lalurar ƙwaƙwalwa. Batun ba mai daɗin ji ba ne. A cikin ɗakin nan akwai waɗanda suka sa ɗansu a kabari da hannunsu, ina neman afuwarsu tun yanzu. Allah Ya sa masu ceto ne.

Zan fara da wani kuskure da likitocin Turai da Amurka suka shafe fiye da shekara 50 suna tafkawa, domin wanda ya gane wannan kuskuren ya gane rabin laccar.

A bayan ƙashin ƙirjin kowane jariri akwai wani ɗan nama mai laushi da likitoci ke kira taimos, aikinsa horar da ƙwayoyin garkuwar jiki. Babba ne a jikin jariri, yana motsewa idan mutum ya girma, kuma yana motsewa da sauri ƙwarai idan yaro ya daɗe yana jinya ko yunwa ta ci shi. Wannan na ƙarshen ne likitocin ƙarni na 19 ba su lura da shi ba. Gawarwakin da suke samu suna koyon aiki a kansu na 'ya'yan talakawa ne, yaran da gudawa da tarin fuka da tamowa suka tsotse kafin rai ya yi halinsa. Sai suka ɗauka ƙanƙantar taimos ɗin waɗannan yara ita ce daidai. Da aka kawo musu jaririn da ya kwanta lafiya ƙalau aka wayi gari babu shi, suka duba ƙirjinsa suka ga taimos ɓul-ɓul, sai suka ce to ga mai laifi, shi ya danne hanyar numfashi. A 1889 wani likita a Biyana ta ƙasar Ostiriya, Arnold Paltauf, ya mayar da zancen cuta mai suna a littattafan likitanci. Daga 1907 aka fara haska wa jarirai hasken eksire a ƙirji a Amurka don a motsar da naman. Dubban yara masu ƙoshin lafiya aka yi wa haka. A farkon shekarun 1930 wata likita a Minnesota, Edith Boyd, ta auna taimos na yaran da suka mutu farat ɗaya, kamar a hatsari, ta nuna cewa wancan girman da ake tsoro shi ne girman lafiya. Ba a saurare ta yadda ya kamata ba. Sai a 1950 wasu likitoci biyu a New York, Duffy da Fitzgerald, suka lura cewa da dama daga cikin yaran da ke zuwa musu da sankarar maƙogwaro an taɓa haska musu ƙirji suna jarirai.

Ku lura, waɗannan likitoci ba jahilai ba ne, ba kuma mugaye ba. Sun yi awo da mudun da ya lotse, shi ke nan. Ba su da naman yaro lafiyayye da za su kwatanta da shi. Wannan giɓin ne bankin sassan jiki yake ƙoƙarin cikewa.

To mene ne bankin? Kun san bankin jini. Wannan ɗan'uwansa ne, sai dai abin da aka ajiye ba za a sa wa wani majinyaci ba, masu bincike za a bai wa. Misalin da aka fi sani shi ne na Jami'ar Maryland da ke Baltimore, wanda cibiyar gwamnatin Amurka mai kula da lafiyar yara, NICHD, ta ɗauki nauyin kafawa a 1991 musamman domin cututtukan da ke tauye girman ƙwaƙwalwar yaro. Tun 2013 yana cikin wata haɗaka ta bankunan ƙwaƙwalwa da ake kira NeuroBioBank. Idan yaro ya rasu kuma iyaye suka yarda, sai a yi maza, domin daga lokacin da numfashi ya tsaya sinadaran da ke cikin ƙwayoyin jiki suke fara rugujewa. Ana so a gama kafin kwana ɗaya ya cika. Ƙwaƙwalwa sau da yawa raba ta biyu ake yi. Rabi a tsoma a ruwan fomalin, wanda ke sandarar da nama yadda za a iya yanka shi siriri a duba fasalinsa a ƙarƙashin madubin likita. Ɗaya rabin a yayyanka a daskarar a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, domin a can ne ƙwayoyin gado da sinadarai suke tsira. A cire sunan yaron a sa lamba. A haɗa da tarihin jinyarsa, don nama ba tare da tarihi ba kusan ba shi da amfani. Mai bincike daga ko'ina zai rubuto buƙatarsa, kwamiti ya duba, a aika masa ɗan yanki da bai wuce ƙwayar gyaɗa ba. Ƙwaƙwalwa guda tana iya isar bincike da dama har tsawon shekaru.

Abin da ya fi wuyar samu a kowane irin wannan banki ba naman yaro mai lalura ba ne. Iyayen mai lalura sun daɗe suna tambaya, sau da yawa su suke neman bankin da kansu. Abin da ke wuya shi ne naman yaron da yake lafiya lau mota ta buge shi ko ruwa ya ci shi. Wa zai tunkari uwarsa a wannan daren?

Yanzu ga abin da aka samu. A 1969, a wani taro a Seattle, likita Bruce Beckwith ya ba da shawarar sunan da ake amfani da shi har yau, SIDS a taƙaice: mutuwar farat ɗaya ta jaririn da bai cika shekara ba, wadda aka binciki gawa, aka duba inda ya kwanta, aka bi tarihinsa, ba a ga dalili ba. Ta fi aukuwa tsakanin wata biyu zuwa huɗu, kuma mafi yawanci cikin barci. Gaskiya ɗaya ce, babbar nasarar da aka samu a kanta ba daga firiza ta fito ba. Daga ƙirge ta fito. Masu bincike a Holan da New Zealand da Biristol ta Ingila sun bi gida-gida suka gano cewa jariran da ake kwantarwa rub da ciki sun fi mutuwa. Ingila ta fara gangamin kwantar da jariri rigingine a 1991, Amurka a 1994, kuma a ƙasashen biyu mutuwar ta ragu da fiye da rabi. Ungozomomin da ke nan, ko wannan kaɗai kuka tafi da shi gida an ci riba: rigingine, shimfiɗa mai tauri, ban da hayaƙin taba kusa da jariri.

Amma ƙirge bai amsa tambaya ɗaya ba. Miliyoyin jarirai sun kwana rub da ciki sun tashi lafiya. Me ya sa wannan bai tashi ba? A nan ne nama ya yi magana. Likita Hannah Kinney ta Asibitin Yara na Boston ta shafe shekaru tana duba gindin ƙwaƙwalwa, wurin da ta haɗu da lakar baya, inda ake sarrafa numfashi da bugun zuciya da farkawa daga barci. Jariri lafiyayye idan fuskarsa ta nutse a katifa ya fara shaƙar iskar da ya fitar, wannan wurin zai tashe shi, ya juya kai, ya yi kuka. A 2010 ita da abokan aikinta suka wallafa cewa sinadarin sirotonin, wanda ke isar da wannan saƙo, ya yi ƙasa da kashi 26 cikin 100 a gindin ƙwaƙwalwar jariran da suka yi irin wannan mutuwa. Tun 1994 ita da wani abokin aikinta mai suna Filiano suka tsara bayanin da ake koyarwa yanzu: sai abubuwa uku sun haɗu, jariri mai wani rauni a ɓoye, a watannin da jikinsa ke koyon sarrafa numfashi, sannan wani abu daga waje kamar kwanciya rub da ciki ko zafin lulluɓi. Ku duba adadin da aka yi binciken 2010 da shi: jarirai 41 masu SIDS, amma na kwatantawa da suka mutu farat ɗaya ta wani sanannen dalili 7 ne kacal. Bakwai, a ƙasa irin Amurka. Yawancin naman daga ofishin binciken gawa na San Diego ya zo, domin jihar Kalifoniya ta yi doka a 1989 da ta ba da damar ɗaukar samfuri a irin wannan mutuwa ba tare da neman izinin iyaye ba. Ina girmama ilimin da ya fito daga nan, amma ba zan ba kowace majalisa shawarar ta kwaikwayi wannan doka ba, kuma za ku ji dalili.

A ɓangaren lalurar girma zan taƙaita. Otizim, wadda kafofin labaranmu ke kira galahanga, an daɗe ana ɗora laifinta kan iyaye mata, wai ba su nuna wa yaro ƙauna ba; daga baya aka koma ɗora wa allurar rigakafi. A 2014 masu bincike a San Diego da Seattle suka duba ɓawon ƙwaƙwalwar yara 11 masu lalurar da 11 marasa ita. Ɓawon nan hawa shida ne, kuma tun yaro yana ciki ake jera shi. Sun ga wuraren da jerin ya hargitse a yara 10 cikin 11 masu lalurar, da yaro 1 cikin marasa ita. Adadin kaɗan ne, kada a ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba. Amma ya haɗu da sauran hujjojin da ke nuna cewa abin yana farawa ne kafin haihuwa, kafin allura, kafin ma uwa ta rungumi ɗanta.

Akwai wani amfanin da masu kafa bankunan ba su yi zato ba. A Ostireliya wata mata mai suna Kathleen Folbigg ta rasa 'ya'ya huɗu tsakanin 1989 da 1999, ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana ƙarami. A lokacin wani ra'ayi ya yi ƙarfi a tsakanin wasu likitoci cewa idan irin wannan mutuwa ta maimaitu a gida ɗaya har sau uku, to kisa ne sai an tabbatar da akasin haka. A 2003 kotu ta ɗaure ta. Sai dai an ajiye ɗigon jinin da ake ɗauka a kati daga diddigen jarirai bayan haihuwa, da wasu 'yan samfuran nama. Da ilimin karanta ƙwayoyin gado ya iso, masana, ciki har da Farfesa Carola Vinuesa, suka gano cewa 'ya'yanta mata biyu sun gaji wata tawaya a ƙwayar gado mai suna CALM2, wadda ke iya tsayar da zuciya ba zato. An sake ta a watan Yunin 2023 bayan shekara 20 a kurkuku, a Disamba kotu ta soke hukuncin. Ranar da aka ajiye waɗannan samfura babu wanda ya san gwajin da zai wanke ta. Ni a ganina wannan ne ainihin aikin banki: ya riƙe tambayar har ranar da masu amsa za su zo.

Iyayenmu mata, kun san wannan matar, ko da ba ku taɓa jin sunanta ba. Mu ba ma kai ta kotu. Cewa muke tana wabi, a sa wa yaro Ajuji ko Ayashe ko zai zauna, wani lokaci a nuna kishiya ko wata tsohuwa a unguwa da yatsa, wani lokaci a ce ita ta danne shi da nauyin barci. Wasu daga cikin waɗannan gidaje sikila ce ke ɗauke musu yara, wasu rashin jituwar jinin uwa da na ɗa, wasu cututtukan gado irin na Folbigg. Kowanne yana da abin da za a iya yi kafin ciki na gaba, in an san shi.

Yanzu ɓangaren da ya sa na ƙi dokar Kalifoniya. A asibitin yara na Alder Hey da ke Libaful, tsakanin 1988 da 1995, wani farfesan binciken gawa, Dick van Velzen, wanda aka ɗauko musamman don ya yi bincike kan mutuwar jarirai, ya riƙa kwashe kayan cikin yaran da aka kawo masa gaba ɗaya yana ajiyewa, iyaye ba su sani ba. Da asiri ya tonu a 1999 aka tarar da sassan ɗaruruwan yara a cikin robobi, akasarinsu ba a taɓa yin wani bincike da su ba. Iyaye suka gane cewa abin da suka binne ba cikakken ɗansu ba ne. Wasu sun yi jana'iza ta biyu, wasu har ta uku. Rahoton kwamitin binciken da aka kafa, wato Rahoton Redfern, ya fito a Janairun 2001, majalisar Birtaniya ta yi sabuwar doka a 2004 wadda ta sa yardar iyali ta zama tushen komai. Bayan wannan, iyaye suka riƙa ƙin binciken gawa, matasan likitoci suka riƙa gudun fannin, binciken mutuwar jarirai ya ja baya a ƙasar. Mutum ɗaya da hukumar da ta kau da kai suka jawo wannan.

Ko an samu izini, riƙon ma aiki ne. A 2012 wata firiza ta lalace a bankin ƙwaƙwalwa na Harvard da ke Asibitin McLean. Ƙararrawarta ba ta kaɗa ba, allonta yana nuna sanyi daidai, cikinta kuwa ya narke. Kimanin ƙwaƙwale 150 suka lalace, fiye da 50 na masu otizim ne, kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da aka tara domin wannan lalura. Wannan a inda ba a ɗauke wuta ke nan. Duk wanda zai zo muku da maganar kafa irin wannan banki a asibitinmu, ku fara tambayarsa wa zai sayi gas ɗin janareta shekara goma masu zuwa.

Mu dawo gida. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Najeriya cikin kowane yara 1,000 da aka haifa da rai, 67 ba sa cika shekara, 132 ba sa kai shekara biyar, kuma Arewa maso Yamma ta fi wannan matsakaicin muni. Mafi yawansu a gida suke rasuwa, a yi musu sutura kafin rana ta yi tsaka. Abin da ake rubutawa a matsayin sanadi galibi daga tambayar iyaye ake samo shi bayan watanni: ya yi zazzaɓi? ya yi tari? ya sanƙame? Zazzaɓi da sanƙamewa kuwa na cizon sauro ne, na sanƙarau ne, na ƙwayar cuta a jini ne, duk kamarsu ɗaya a idon uwa. Da wannan ƙiyasin ake tsara kasafin magani. Kuma duk abin da na faɗa muku kan sirotonin da ɓawon ƙwaƙwalwa, a jikin yaran wasu ƙasashe aka auna shi.

Na san abin da ke ran wasunku, ruwa kuma ba ya tsami banza. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana na Kano kan yara kimanin 200. 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye sun ce ba a gaya musu gwaji ba ne, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran kuma an nemi izini da baki. Sai 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Kun ga yadda wannan tabo ya taimaka wajen ƙin allurar shan inna a 2003. Mai farin kaya da ya zo neman naman yaro a nan, a kan wannan tarihin yake tsaye, ko ya sani ko bai sani ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta yi tanadi kan cire sassan jiki da neman izini, akwai kuma kwamitocin ɗa'ar bincike a asibitocin koyarwa, amma takarda ba ta isa ba idan uban yaro bai fahimci abin da ya dangwala wa hannu ba.

Ta fuskar addini, malamai na nan, ba zan shiga gabansu ba. Abin da kowa ya sani shi ne gawa tana da alfarma irin ta mai rai, kuma ana gaggauta jana'iza. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna a Makka a 1987 ta halatta binciken gawa a kan larura, ciki har da gano cutar da ta yi kisa domin a kare wasu, da sharuɗɗa, daga ciki a binne duk abin da aka cire. Ajiye nama na shekaru tambaya ce ta daban, kuma ina roƙon malamanmu su zauna da likitoci su dube ta da idon basira, maimakon kowa ya tsaya a ɓangarensa yana zato.

Akwai hanyar da ta rage wannan nauyi sosai. Maimakon a buɗe gawa, sai a yi amfani da allura mai kauri a ciro 'yan samfura daga huhu da hanta da ƙwaƙwalwa, a ɗebi jini da ruwan laka. Ba yanka, ba ɗinki, ba a cire wata gaɓa, kuma ba ya ɗaukar dogon lokaci. An gwada ingancin hanyar a Mozambik, sannan shirin CHAMPS, wanda aka kafa a 2015 ƙarƙashin Jami'ar Emory da kuɗin Gidauniyar Gates, ya ɗauke ta zuwa Afirka ta Kudu da Kenya da Habasha da Saliyo da Mali da Bangaladash. Mali da Bangaladash ƙasashen Musulmi ne, kuma a can ma iyaye sun yarda, bayan an zauna da limamai da masu unguwanni. Daga baya shirin ya shigo Najeriya, a Bauci da Kuros Riba. Cikin abin da ya fito fili akwai cewa wata ƙwayar cuta mai suna Klebsiella, wadda ba a saba ambata ba a lissafin masu kashe yara, tana da hannu a mutuwa da yawa, kuma yaro ɗaya sau da yawa abu biyu ko uku ne suke haɗuwa a kansa, tamowa a ƙasa, ciwon huhu a sama. Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne ana komawa gida a gaya wa iyaye sakamako. Allura ba za ta ba da abin da Kinney ta samu ba, domin gindin ƙwaƙwalwa sai an gan shi ɗungurungum. Amma ga tambayar da ta fi damun mu yau, ta isa.

Ma'ajiyar ma ba daga sifili za a fara ba. Shirin H3Africa ya kafa manyan ma'ajiyun samfura uku a nahiyar, a Yuganda da Afirka ta Kudu da kuma Abuja, a Cibiyar Nazarin Ƙwayoyin Cuta ta IHVN. Saboda haka samfurin yaron Kano ba dole ne ya hau jirgi ba, in kuma zai hau, a rubuta a fili inda za shi, da wanda zai taɓa shi, da ranar da za a dawo da ragowar.

Ga ɗaliban likitanci da na jinya, aikin da ya fi wuya a duk wannan zai faɗo a kanku ne, wato tambayar. Kada ku yi ta a baranda a gaban jama'a. Kada ku tambayi uwa ita kaɗai tana cikin kuka, kada kuma ku tsallake ta ku tambayi maza kawai. A nemo uban, da kakar in tana kusa. Ku yi ta'aziyya tukuna. Ku faɗi abin da za a ɗauka da sunansa cikin Hausa, huhu huhu, hanta hanta, ku nuna allurar idan sun so gani. Ku faɗi awa nawa za a jinkirta sutura, kuma kada ku wuce ta. Ku raba tambaya biyu: yarda a gano abin da ya kashe shi daban, yarda a ajiye ragowar don binciken gaba daban, mai yarda da ta farko yana da ikon ƙin ta biyu. Kada kuɗin asibiti ko sakin gawa ya rataya a kan amsarsu. In sun ce a'a, ku yi musu godiya, ku taya su ɗaukar yaronsu zuwa mota.

Shugaban taro, na ga an miƙo takardun tambayoyi, bari mu fara da na iyayenmu mata.